Murhun Gas In Ya Ƙi Kamawa

A hutun ƙarshen shekarar da ta wuce na tafi Zariya wurin goggona domin in taya ta aiki, saboda 'yarta ta fari ta zo wankan gida. Duk wanda ya taɓa zama a gidan da ke da mai jego ya san wuta ba ta hutawa. Ruwan wanka dai da itace ake dafa shi a tsakar gida, amma kunun kanwa da shayi da sauran ƙananan girke-girke duk a kan murhun gas ake yinsu, wani ɗan murhu na kan tebur mai kai biyu, da tukunyarsa mai cin kilo 12.5.

Ran nan da daddare kunu ya tafaso mini ya zube a kan murhun. Don kada a yi mini faɗa, sai na yi maza na cire kan murhun na wanke shi da ruwa, na mayar, na tafi na kwanta. Da asuba Goggo ta shiga ɗakin girki. Lokacin hunturu ne, taga a rufe, ƙofa ma ta janyo ta saboda sanyi. Ta murɗa makunni, ya ce ƙas, wuta ba ta kama ba. Ta sake, ta kuma sakewa, ina jin ta daga ɗaki, ya fi sau goma. Da ta gaji sai ta bar makunnin a buɗe ta shiga laluben ashana a kan kanta. Tana ƙyastawa sai wuta ta tashi gaba ɗaya kamar an watsa fetur, ta lashe mata gira da gashin hannu, ta kama bakin ɗankwalinta. Allah ya taƙaita, ta fizge ɗankwalin ta jefar, ni kuwa na ruga na rufe kan tukunya. Da ta ƙara minti biyu tana neman ashanar nan, da labarin da zan ba ku yau ba wannan ba ne.

Goggo ta ce ita da gas har abada, a sayo mata gawayi. Washegari na roƙe ta ta bar ni in kai murhun wurin gyara, na ɗauke shi zuwa wurin wani dattijo mai gyaran risho da murhun gas a kusa da kasuwar Sabon Gari. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ɗaga kan ya duba, ya ce, "'Yata, wa ya wanke wannan?" Na ce, "Baba, ni ce." Ya yi dariya ya ce, "To, ke kika ɓata shi, ke kuma za ki gyara. Zauna." Cikin kwata ɗin awa murhu ya kama, ba a canja masa ko kusa ɗaya ba. Abin da ya koya mini a ranar, da wanda malaminmu na kimiyya ya ƙara mini bayan mun komo makaranta, shi nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai, domin gidaje da yawa a birni suna da tukunyar gas, kuma galibi mu yara ake aika mu kunna.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne wutar murhu ba ta samuwa sai abu uku sun haɗu a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, watau gas, da iska, da tartsatsin da zai tayar da su. In murhu ya ƙi kamawa, to, ɗayan ukun nan ne bai zo ba, ko kuwa ya zo amma bai iske 'yan'uwansa ba. Saboda haka aikin mai gyara ba murɗa makunni da ƙarfi ba ne, tambaya ce: wanne ne babu?

Amma kafin wannan tambaya akwai wadda ta gabace ta, ita ce ta hanci. Gas ɗin da ke cikin tukunya gauraye ne na abu biyu da ake kira furofen da buten, kuma shi kansa ba shi da wari ko kaɗan. Warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai da muke ji, da gangan ake zuba masa wani sinadari domin hanci ya gane in yana yoyo. Malaminmu ya ce abin da ya sa aka tsananta wannan doka a Amurka wani mugun hatsari ne da ya auku a wata makaranta a garin New London na jihar Texas a shekarar 1937, inda gas marar wari ya taru a ƙarƙashin ginin ba wanda ya sani, ya fashe, ya hallaka kusan mutum 300, yawancinsu ɗalibai irinmu. Har ila yau, gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama ya fice kamar hayaƙi, sai ya gangaro ya kwanta a ƙasa, ya cika lunguna da ƙarƙashin tebur. Wannan shi ne abin da ya sami Goggo. Duk murɗawar da ta yi gas na fita, yana taruwa a kan tebur da gindinsa, yana jiran ashana.

Don haka in ka murɗa sau biyu ko uku wuta ba ta kama ba, tsaya. Mai da makunni wurinsa. In kana jin wari, rufe kan tukunya, buɗe ƙofa da taga, ka bar wurin ya sha iska na wasu mintoci har warin ya tafi sarai. A wannan lokaci kada ka ƙyasta ashana, kada kuma ka taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, domin ɗan tartsatsin da ke fita a cikinsa ya isa ya tayar da gobara. Fanka ma kada a kunna ta da sunan korar wari. In ana so a kore shi, a yi fifita da faifai ko kwali wajen ƙofa.

Bayan iska ta washe, sai a yi gwajin da tsohon nan ya ce da shi yake raba aikinsa biyu. A ƙyasta ashana tukuna, a kai ta bakin kan murhu, sa'an nan a buɗe gas kaɗan. A lura da wannan jeri da kyau: wuta ce ke jiran gas, ba gas ke jiran wuta ba. In murhu ya kama da ashana, ya ba da wuta shuɗiya kewaye da kai, to, gas yana zuwa, iska ma tana zuwa, laifin na abin ƙyastawa ne. In kuwa ashana ta cinye ba abin da ya kama, to, a bar zancen tartsatsi, a bi sawun gas. In murhun mai kai biyu ne, a gwada ɗaya kan. In shi ya kama, tukunya da tiyo ba su da laifi, matsalar tana cikin kan da ya ƙi. In duka biyun sun ƙi, a koma wajen tukunya.

Bari in fara da tartsatsi, tun da shi ne ya fi ba ni sha'awa. Kakanninmu suna da ƙyastu da ƙanƙara, a buga ƙarfe a kan dutse, tartsatsi ya faɗa kan abduga, a hura. To, abin da ke cikin ƙaramin murhun tebur bai yi nisa da wannan ba. Ƙarar nan ƙas da ake ji in an murɗa makunni, wata 'yar guduma ce mai sifirin take dukan wani ɗan dutse na musamman. Irin wannan dutse in aka matse shi ko aka buge shi sai ya fitar da lantarki. Wasu 'yan'uwa biyu mutanen Faransa, Jacques Curie da Pierre Curie, su suka gano haka a shekarar 1880. Lantarkin yakan kai dubban bolt, amma na ƙiftawar ido ne, shi ya sa ba ya kisa. Yana bin wata siririyar waya zuwa wani ɗan tsinken ƙarfe da ke tsaye cikin farin tangaran, daga nan ya yi tsalle zuwa jikin murhu. Tsallen nan shi ne tartsatsin. Ka ga ke nan irin wannan murhu ba ruwansa da batir ko wutar lantarkin gida. Manyan murahu masu tanda su ne suka bambanta: wasu da batir suke aiki, wasu sai an jona su da lantarki, kuma su ƙararsu a jere take, ƙas-ƙas-ƙas. In irin wannan ya yi shiru gaba ɗaya, a duba batir, ko a duba ko an ɗauke wuta, kafin a zargi wani abu.

Hanyar duba tartsatsi mai sauƙi ce. A rufe kan tukunya, a bar sauran gas ɗin cikin tiyo ya fice, a rage hasken ɗaki, a murɗa makunni ana kallon tsinken. In lafiya yake za a ga ɗan haske shuɗi ya yi tsalle. In ana jin ƙara amma ba a ganin haske, yawanci ɗayan abu uku ne. Ko tsinken ya jiƙe, ko maiƙo da ƙonannen abinci sun lulluɓe shi, ko kuwa tangaran ɗin ya tsage. Lantarki ɗan son sauƙi ne, in ya sami ruwa ko datti ko tsaga sai ya bi ta nan ya sulale cikin jikin murhu, ba zai wahalar da kansa da tsalle ba. Maganin jiƙa shi ne a goge da busasshen tsumma a bar shi ya sha iska. Maganin datti tsohon burushin haƙori. Wani lokaci kuma garin goge-goge tsinken yakan lanƙwashe ya yi nisa da inda zai yi tsalle, ko ya manne da shi. Tazarar da ake so 'yar kaɗan ce, kimanin milimita 3 zuwa 5, sai a mai da shi a hankali. Tangaran in ya fashe ba shi da gyara sai canji, amma ba dole ne a jefar da murhu saboda shi ba. Ana iya ci gaba da ashana shekara da shekaru.

Nawa laifin ya haɗa biyu. Na jiƙa tsinken, sa'an nan na mai da hular kan murhun a karkace. Wannan hula da ke zaune a bisa kai tana da ƙananan kafofi kewaye da ita, ta nan gas ke fitowa. Da kunu ya zuba, ya shiga kafofin ya bushe ya yi tauri kamar siminti, musamman na gefen da ke fuskantar tsinke, ni kuwa sama-sama na wanke. Ga shi kuma hular ba ta zauna daidai a mazauninta ba, gas yana ta fita ta gefe guda, tartsatsi kuma, in ma ya fita, yana can wani gefen. Tsohon ya sa na jiƙa hular cikin ruwan ɗumi da sabulu, na bi kafofin ɗaya bayan ɗaya da fil, na ɗauraye, na shanya ta a rana har ta bushe ƙayau. Ya hana ni amfani da tsinken sakace ko na tsintsiya, ya ce in ya karye a ciki an ƙara wa kai aiki. Da na zo mayarwa ya ce in juya ta har in ji ta faɗa gurbinta, ba ta rawa. Ya ce a cikin murahun da ake kawo masa, waɗanda wannan kaɗai ke damunsu sun fi sauran yawa.

To, in ashana ma ta kasa fa? Sai a kasa kunne. In an buɗe makunni ana jin wani siririn huci, in babu shi gas ba ya isowa. A fara da abin da kowa ke jin kunyar dubawa, watau ko an buɗe kan tukunya, ko kuma gas ɗin ne ya ƙare. A cikin tukunya gas ruwa ne, matsi ne ya mai da shi haka, shi ya sa in an girgiza ta a hankali akan ji motsinsa. Hanya mafi tabbas ita ce sikeli. A jikin kowace tukunya, galibi a wajen mariƙinta, an buga nauyinta in ba kome a ciki. A auna ta, a ɗebe wannan adadi, abin da ya rage shi ne gas. In babu sikeli, a kwarara ruwan ɗumi a gefenta, a shafa da hannu daga sama zuwa ƙasa, inda aka fara jin sanyi nan ruwan gas ya tsaya.

A nan dole in yi magana a kan wata ɗabi'a da na sha gani a unguwarmu. In gas ya kusa ƙarewa sai a kwantar da tukunya, ko a kife ta, wasu har su kai ta kusa da wuta, wai don a tatse sauran. Wannan ganganci ne. An yi tukunya ne ta tsaya a tsaye, domin tururin da ke sama shi kaɗai ya fita. In aka kwantar da ita, ruwan ne zai bi tiyo, shi kuwa in ya fito fili yakan kumbura ya ninka kansa kimanin sau 250. Ɗan abin da za a tatsa bai kai kuɗin maganin ƙuna ba.

In akwai gas, sai a duba abin nan da ake ɗaura wa bakin tukunya, wanda masu sayarwa ke kira regileta. Aikinsa shi ne ya rage ƙarfin gas ya sake shi kaɗan-kaɗan daidai yadda murhu zai iya ɗauka. Sau da yawa bayan an dawo daga sayen gas ba a danna shi ya zauna sosai, sai a ga an buɗe amma ba abin da ke fita. A cire a sake zaunar da shi, a kuma duba 'yar robar da ke cikin bakin tukunyar ko tana nan, ko ta tsage. Amma cikin regileta ba wurin wasan ɗalibi ba ne. In ya lalace a sayi sabo, kada a kwance shi. Daga nan a bi tiyo da hannu tun daga tukunya har murhu, ko ya lanƙwashe, ko ƙafar tebur ta danne shi, ko ɓera ya ci, ko ya tsufa ya yi tsage-tsage. In ana shakkar yoyo, a kaɗa sabulu da ruwa a shafa kumfar a mahaɗai da jikin tiyo, a buɗe tukunya. Inda kumfa ke kumbura tana fashewa, nan ne. Na taɓa ganin wani mai sayar da gas yana neman yoyo da ashana, ban tsaya ganin ƙarshen gwajin ba. Wani ƙaramin abu kuma: in an canja tukunya ko tiyo, iska ce ke cike da tiyon, sai ta fice kana gas ya iso, saboda haka ashanar farko takan mutu a banza. Wannan ba lalacewa ba ce.

Saura wuri ɗaya, shi ne mafi ƙanƙanta. In aka kifa murhu aka duba bayan makunni, za a ga wani ɗan hanci na tagulla wanda masu gyara ke kira jet. Hujin da ke tsakiyarsa bai kai milimita 1 ba a yawancin ƙananan murahu, amma duk gas ɗin da ke dafa tuwon gida ta nan yake wucewa. Yana fesa gas cikin wani bututu mai buɗaɗɗen gindi, gudun gas ɗin kuma ya janyo iska su gauraya kafin su kai ga hula. Wanda ya taɓa kunna fitilar Bunsen a ɗakin gwaje-gwajenmu ya riga ya ga wannan dabara, ita ce dai wadda Robert Bunsen ya yi amfani da ita a Jamus a shekarar 1855. Malaminmu ya ce gas ɗin tukunya ba ya cin wuta sai in ya zama tsakanin kashi 2 da kashi 10 cikin 100 na gaurayen, ko kusa da haka. In ya gaza ba ya kamawa, in ya yi yawa ma ba ya kamawa sai ya sami ƙarin iska. Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai, domin da ina tsammani yawan gas shi ne yawan wuta.

Ɗan maiƙo ko tsatsa ya isa ya toshe jet. Bututun kuma, in an daɗe ba a yi girki ba, kyankyasai da gizo-gizo sukan mai da shi gida. Tsohon ya nuna mini wani da ya cire daga murhun wasu da suka yi tafiya wata uku, zanzaro ya cika shi da gininsa na laka. Alamar toshewar iska ita ce wuta ja ko rawaya mai lilo, mai baƙanta gindin tukunyar girki. Irin wannan wuta ba ɓarnar gas kaɗai take yi ba, tana iya fitar da wata iska mai guba marar wari, wadda ke sa ciwon kai da jiri, har ta kashe mutum a rufaffen ɗaki. Ana share bututu da siririn burushi. Jet kuwa, bayan an rufe tukunya an cire tiyo, sai a zare silin waya guda daga cikin tsohuwar wayar lantarki a zura a hankali. Kada a sa allura ko ƙusa a ƙwaƙule. Tagulla tana da taushi, in hujin ya ƙaru ba ya komawa, kuma daga ranar murhun zai riƙa ba da jar wuta yana shan gas. Wannan ne ma ya sa wasu manyan murahu na gwanjo da ake kawowa daga Turai suke hayaƙi tun ranar farko: jet ɗinsu an yi shi ne domin gas ɗin bututu na can, mai bukatar huji babba, sai an canja shi da na gas ɗin tukunya.

Akwai kuma murahun zamani waɗanda sukan kama, amma da an saki makunni sai su mutu. Su ba lalacewa suka yi ba. Suna da wani tsinke na biyu a gefen kai mai jin zafi, wanda in bai ji wuta ba sai ya datse gas. A danne makunnin na 'yan daƙiƙoƙi bayan wuta ta kama, har tsinken ya yi zafi, sa'an nan a saki. In ya ci gaba da mutuwa, a goge tsinken, in ya ƙi a kira mai gyara. Haka nan in makunni ya cije, ko ana jin wari alhali kome a rufe yake, ko tukunya ta yi tsatsa a gindi ko ta lotse, duk waɗannan sun wuce gyaran gida. A fitar da tukunyar waje inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta, a nemo wanda ya san aikin.

Da na komo da murhun gida, Goggo ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Ke dai kunna in gani, ni ba na matsowa." Na buɗe taga, na shafa kumfa a mahaɗai, na murɗa sau ɗaya, wuta ta kewaye kai shuɗiya shar. Sai da aka yi kwana huɗu kafin ta yarda ta kunna da hannunta. Yanzu ta rataye ashana a ƙusa daidai saitin murhu, ta kuma sa an ɗaure tagar ɗakin girkin da waya yadda ba ta rufuwa duka, ko da hunturu. Wanke kan murhu kuwa ta ce tun da na koyo, ya zama aikina duk hutun da na je.